Motar da Za Ta Ƙetare da Inna Hapsatu

"Uwargida, an kwana lafiya? Ko har yanzu ana fushi da maigida?"

"Wane maigida? Mijin da ba ya tuna hanyar ɗakina sai ya ji ƙanshin man shanu? Zauna daga can, kada ka shafa mini baƙin mai a tabarma."

Da wannan gaisuwa Zulkifli ya shiga wurin kakarsa Inna Hapsatu, a wani ƙauye da ke bayan Yalwan Damai, da hantsin wata Alhamis a tsakiyar damina. Direban a-kori-kura ne, yana jigilar hatsi tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, kuma ba zumunci kaɗai ya kawo shi ba. Yanar ido ce ta rufe wa tsohuwar ido biyu, har sai da lalube take gane ƙwaryarta. Likitocin ido da suka zo aikin mako guda a Birnin Kudu sun rubuta sunanta, kuma ranar ce ta ƙarshe. Idan la'asar ta yi ba ta je ba, sai baɗi, in da rai.

Abin da ya shiga tsakani rafi ne. Ruwa ya cinye kwalbatin bakin gari, mota ba ta wucewa, sai dai mutum ya tuɓe takalmi ya ratsa, ruwa har ƙugu. Kwana uku mahaifinsa, Malam Manu, yana aika mata cewa ta shirya, ita kuwa tana cewa ba inda za ta. Mutanen gida duka sun yanke cewa tsoron wuƙar likita ne. Hukunci ne mai sauƙin yankewa, kuma irinsa ya fi kowane yawan zama kuskure.

Zulkifli bai fara da maganar asibiti ba. Ya ciro waya, ya ce albishir ya kawo: ya sa a aiko masa da mota mai tashi sama, domin amaryarsa kaɗai. Ya kanga mata wayar a fuska, ta ce ita haske kawai take gani kamar an kunna aci-bal-bal cikin hazo. Sai ya bayyana mata da baki. Ya ce mota ce mai ƙattin tayoyi wadda masu ƙira ke gwadawa a ƙasashen waje, tana keta yashi da taɓo ba ruwanta da titi, in ta iske kogi kuma sai fankokin da ke kanta su juya, ta ɗaga kamar zabuwa ta dira a ƙetare.

"In mutum ya ce zai ba ka riga, dubi ta wuyansa," in ji Inna Hapsatu. "Wannan akwalar taka ta ƙasa, sau nawa muka sauka muka tura ta a hanyar Kangire?"

"Sau biyu ne, kuma nauyinki ne ya kashe ta."

"Sau huɗu. To, in waccan ta mutu a sama, wa zai sauka ya tura?"

"Ke mana. Ai ba ki da nauyin da za ki faɗo."

"Ɗazu nauyina ya kashe mota, yanzu kuma ba ni da nauyi. Maƙaryaci ya kamata ya riƙa tafiya da marubuci. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, yaro. Allah ya ba shaho fiffike ya hana shi taya, ya ba jaki kofato ya hana shi fiffike. Kai da jakin ma sai da ya kayar da kai a gonar gyaɗa, kai ne za ka haɗa biyun?"

Ya ce jakin nan tarbiyyarta ce, shi ya sa ya fito da taurin kai. Ta ce ai shi ma tarbiyyarta ce, kuma jakin ya fi shi amfani, domin bai taɓa cin tuwonta ya kushe miya ba. Haka suka yi ta ja, rana tana ɗagawa. Da ya ga lokaci yana ƙurewa, sai ya ce mata ba a fafe gora ranar tafiya, ta faɗi gaskiya: matsoraciya ya aura.

"Ni? Bakwai na haifa a ɗakin nan ba wanda ya ji tarina. Kawo motar taka ta ɗauke ni daga ƙofa ta ajiye ni a hayin rafi, ka ga in ban riga ka shiga wurin likitan ba."

Zulkifli ya auna maganar. Tun da suka fara, duk sharaɗin da ta kafa a kan rafi yake, ko ɗaya bai taɓa likita ba. Wanda ke tsoron wuƙa kuwa ba ya roƙon abin da zai kai shi gare ta da sauri. Sai ya tambaye ta, kamar da wasa, wa ma aka ce zai ƙetare da ita.

Ta juyar da kai wajen bango. "Mutumin nan na gidan gaba. Wai goya ni zai yi."

A nan ya gane. Malam Manu ɗan farinta ne, ita kuwa Bafulatana ce ta asali, ko da yake Fulatancin ya bar bakinta tun tana yarinya. Shekara hamsin da biyar ba ta ambaci sunansa ba, ba ta ci abinci a gabansa ba. Yaya za ta hau bayansa gari yana kallo? Kuma ba za ta iya faɗin dalili ba, domin faɗinsa ma keta kunyar ne. Shi kuma Malam Manu, saboda biyayya, ya rantse ba wanda zai ɗauki mahaifiyarsa yana raye. Halaye biyu ne na ƙwarai suka yi karo, idon tsohuwa yana neman tafiya a tsakaninsu.

Bai furta ko ɗaya daga cikin wannan ba, gama wanda ya gano sirrin babba ya bayyana shi bai fi wanda bai gano ba hankali.

"Ai motar ta iso," ya ce. "Tun ɗazu take zaune a tabarmarki. Ƙafa biyu gare ta, ba ta shan fetur sai fura. Ƙafarki ba za ta taɓa ruwa ba. Dokarta guda ce: fasinja ɗaya, ba ɗan rakiya. Mutumin gidan gaba yanzu zan roƙe shi ya hau babur daga hayi ya yi gaba, ya kama mana layi a asibiti."

Inna Hapsatu ta miƙa hannu ta laluba kafaɗarsa, kamar mai taya akuya a kasuwa.

"Waɗannan ƙasusuwan? Yaron da na goya na ratsa rafin nan da shi lokacin ƙyanda, yana zuba mini majina a wuya?"

"To yau ranar ramuwa ce. Ki zuba mini abin da kika ga dama."

"In ka kayar da ni fa?"

"Komai nisan jifa. Ke kika faɗa, ba ni ba."

Dariyar da ta yi kwana uku tana riƙewa ta ƙwace mata, har ta dafa gwiwa. Ta ce ya miƙo mata mayafinta na kan ƙyaure, sannan ta laluba ƙarƙashin gado ta jawo kwalbar man shanu ta tura masa.

"Ungo, a zuba wa motar. Ka lashe shi yau da sauran aurenka, domin gobe in an kwance mini ido na ga fuskarka sosai, takardata zan karɓa."