Jirgin da ke da Shaidar Shanu

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba zan manta da ranar da na kai wa mutum kayansa da aka sace har gida ba, ina kuma jiran ya biya ni ladan aiki.

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo ce a wurin biki da suna, nan Ƙonni. Shekara bakwai ina fama da kyamara ɗaya ba wanda ya yi kuka da ni, sai ga yayin dron ya shigo, wato ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗauko hoto daga sama. Daga nan fa kowace amarya sai ta ga rufin gidansu da idon shaho kafin ta yarda an yi biki. Aiki ya fara wuce ni yana ɗaga mini hannu, abin kuma ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ana nan sai wani mutum ya same ni a tasha, ya ce sunansa Na'Allah (mai irin wannan suna ai ba a zarginsa), ya buɗe jaka ya nuna mini dron tsaf da abin tuƙinsa. Kuɗin da ya faɗa bai kai na tunkiya mai kyau ba. Ni kuwa na yi lakwal, wato boko, na san an ce araha ba ta ado, sai na ce dole in bincika ko na sata ne. Na tambayi rasi, takardar shaidar saye, ya ce ruwan sama ya cinye shi tare da kwalin. Na kwafi lambar da ke ƙarƙashin batir na zuba a intanet, ban ga wanda ya yi cigiya ba (kamar dai mutanen yankinmu in an yi musu sata intanet suke kai kuka). Na sa shi ya rantse, ya rantse har da ƙarin da ban nema ba.

Da na juya cikin jirgin sai na ga an ƙona wani zane a jikin robar, layi biyu a tsaye da ɗan zobe a kansu. Nan take na ɗaure fuska na ce ga tabo, sai an rage mini. Ya rage ko musu babu. Na taho gida ina yaba wa kaina iya ciniki.

Na tarar da Inna, mahaifiyata, tana tsintar wake. Ta karɓi jirgin ta juya shi, ta daɗe tana duban zanen.

"Wanga abu da mai shi," in ji ta. "Wa ad dillalinku?"

Na ce mata ba dillali, na duba intanet.

"Ko akuya za ka saye a kara, sai dillali ya tsaya maka, shi da yas san garken da tah hito. Intanet ɗin taka ta san uban mai saidawa?"

"Haba Inna, wanga jirgi na, ba akuya ba."

Ta miƙo mini abina ta koma kan wakenta.

Bayan kwana goma aiki ya samu. Goggo Jumma, mai kawo wa Inna nono tun ina yawo ba wando, ita ta yi mini hanyar bikin Umaru ɗan Ardo, a wata ruga kusa da Bazaga. Na sa sabuwar riga, na hau kabu-kabu, jirgi a cinya. Da muka ratsa garke na ga wata shaida a cinyar shanun, na ji kamar na taɓa ganinta a wani wuri, amma sai na bar zancen, don hankalina na can sama.

Ana gama ɗaurin aure na shimfiɗa tabarma a tsakiyar fili, na ɗora jirgin, na shiga korar mutane baya da Faransancin da ba wanda ya tambaye ni. Sai Ardo, uban ango, dattijo mai sanyin magana, ya ce a ba shi ya gani. Bai dubi kyamara ba, bai dubi fukafukai ba. Juya shi ya yi kamar mai duba rago, sannan ya aika a kira ango.

"Malam mai hoto, ina kas samo wanga?"

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya, amma 'yan mata na kallo. Na gyara wuyan riga na ce, "Saƙo na bayar anka kawo mani daga Kano, Baba. Sabo hul."

"Ikon Allah," in ji Ardo. "Ashe mutanen Kano sun san shaidar gidanmu."

Ya nuna wata saniya da sandarsa. Layi biyu a tsaye, da zobe a kansu. Na dubi ta kusa da ita, haka. Har ƙwaryar da aka kawo mini fura a ciki, haka.

Ashe jirgin na ango ne. Ya saye shi don neman shanun da suka ɓace a daji, Ardo kuma ya ɗora masa shaida da ƙusa mai zafi, don a gidansa ba abin da ke kwana babu ita. Wata biyu da suka wuce aka ɗauke shi daga kan babur ɗin Umaru a kasuwar Malbaza.

Samari masu sanduna suka matso, wani ya ce a kira jandarma. Na kira lambar Na'Allah, a kashe. Na ciro waya ina nuna wa Ardo binciken da na yi. Tsoro ya kama ni sosai, don na san in aka ce mai hoto ɓarawo ne, ba gidan da zai ƙara buɗe mini ƙofa a Ƙonni.

Sai ga Goggo Jumma ta ratso taron.

"Ardo, wanga yaro ba ɓarawo na ba. Ni na san uwatai. Wauta dai ag gare shi, tun shina ƙarami."

Ardo ya dube ni ya ce, "Gaskiya ta?"

Na ce gaskiya ce, Baba. A gaban mutum ya fi ɗari na amsa sunan wawa, har ina gyaɗa kai don kada a yi shakka. Ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.

Aka yi dariya aka watse. Ango ya karɓi abin tuƙi, da babbar rigarsa ya tashi jirgin, ya kuma fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Da yamma ya ba ni abin da ya ɗauka in haɗa da nawa. Duk zagayen da jirgin ya yi sai ya dawo kan wani mai sabuwar riga da ya rakuɓe a gindin bishiya ya dafe kai. Na nemi in yanke wurin, ango ya ce amarya ta fi son nan.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Inna ba ta yi faɗa ba, ta dai ajiye mini tuwo ta ce, "Akuyar ta koma garke?"

Tun daga ranar, ko batirin tocila zan saya, sai na juya cikinsa na duba, na tambayi wanda ya san uban mai sayarwa, sannan in kai wa Inna ta sa hannu.