Ranar da Auduga ta Kayar da Ni

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da aka tura ni in wayar wa dangin uwata kai ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, akwai gari guda da ya ɗauki nauyin tuna mini kyauta.

Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa Azare ba, mai ita a wuya yake rataye ta don kowa ya gani. Ni kuma sabon ma'aikaci ne a sashen wayar da kan jama'a, ban jima da dawowa daga wani kwas a Bauchi ba, inda aka koya mana yadda ake shawo kan mutane da hujja. Kai, na dawo kaina a kumbure! Na yi imani duk wata gardama da ke duniyar nan rashin bayani ne ya haife ta. Ka zuba wa mutum alƙaluma, ka nuna masa zane a kwali, shi ke nan sai ya sallama. Har matata ta daina tambayata abin da zan ci, don sai na jero mata dalilai kafin in ce tuwo.

A wannan bazarar ce sanƙarau ya fara leƙo kai, ciwon nan da ke sandarar da wuyan yaro ya tafi da shi kafin a gama neman mota. Gwamnati ta aiko da allurar rigakafi, wasu garuruwa suka karɓa, wasu suka ce a kai kasuwa. Cikin masu ƙin har da wani garin masunta a bakin kogi, gaba da Katagum kaɗan, wato garin su mahaifiyata Kande. Shugaban sashenmu, Alhaji Bappa, ya kira ni ofis ya ce, "Kai ɗan 'yar gari ne, ga shi ka yi kwas. Ko don kunyar uwarka sai sun miƙa hannu." Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ɗauka an gama."

Abin da ban gaya wa Alhaji Bappa ba shi ne, ni da allura ba ma shiri ko kaɗan. Tun ina yaro haka Allah ya yi ni. Ko wani ake yi wa, sai in fice daga wurin. Oga Emeka mai kemis ɗin unguwarmu ya san ni sarai, da na shigo da zazzaɓi sai ya ce, "Malam, ƙwaya dai ko?" (Mutumin kirki, bai taɓa tona ni ba.) Amma na ce a raina, me ya haɗa ni da allura? Ni aikina magana, soka kuma aikin Sista Asabe ne, ma'aikaciyar jinyar da aka haɗa mu tafiya tare.

Na sha babbar riga fara ƙal, na ɗauki kwalayena da lasifika mai batir, muka kama hanya ni da ita da direbanmu.

Muna sauka a ƙofar gidan Kawu, yayan mahaifiyata kuma Sarkin Ruwan garin, wadda ta fara tare ni ita ce 'yarsa Ladidi, taubashiyata. Wanda ya san wasan taubasai ya san ba ni da bakin magana a gabanta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Iye! Bawana ya zama gwamna. Wa ya ara maka rigar?" Na ce ta matsa kada ta shafa mini ƙarnin kifi. Muka yi dariya. Sai ta rage murya, fuskarta ta sauya, ta ce, "Don Allah ka yi ƙoƙari ka shawo mini kan mai gidan nan nawa, ya rantse ba mai taɓa masa 'ya'ya. Wancan zuwan da ciwon ya yi, ka san da Auwaluna ya tafi. Ba zan iya sake ganin irin wannan ba." Gaskiya maganar ta taɓa ni. Amma da yake ni ne, sai na bubbuga kwalayen na ce, "Kwantar da hankalinki, komai na nan a ciki."

Aka taru a gindin tsamiya, maza a gaba wasu na ɗinkin taru, mata da yara daga baya jikin danga. Nan na tarar garin ya rabu biyu. Ɓangare guda na cewa akwai mugun abu a cikin allurar, so ake a tsayar musu da haihuwa. Ɗaya ɓangaren na cewa babu komai a ciki, ruwan famfo ne, maganin gaskiyar manya sun raba shi tun a hanya. Kowane ɓangare na kallon ɗayan a matsayin marasa wayo, amma sun haɗu a kan cewa ba wanda zai miƙa hannu.

Na kunna lasifika na fara. Na yi bayanin ƙwayar cuta, na nuna zanen ƙwaƙwalwa, na nuna wani layi ja da ya hau sama da wani kore da ya gangaro. Na kawo misali da ƙasashen da ni kaina ban san inda suke ba. Ina magana ina jin daɗin muryata, har wani juyi nake yi don babbar riga ta buɗe. Da na waiwaya sai na ga dattawan sahun gaba suna ta gyaɗa kai, na ce madalla, hujja ta shiga. Ashe gyangyaɗi suke.

Da na dire, Kawu ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗan nan, magana ta yi daɗi, wallahi ko a rediyo sai haka. To amma ka san yadda muke yi a nan. In mutum ya ce mana mashigi ba zurfi, ba ma musu da shi. Cewa muke ya shige gaba, mu muna biye. A fara yi maka mu gani."

Jama'a suka ɗauka, "Ƙwarai kuwa! A fara da shi!"

Na yi wani murmushin da ni ma na san bai kai zuci ba, na ce ai mu ma'aikata tuni aka yi mana a Azare. Sista Asabe, baiwar Allah da ba ta iya rufa wa ƙarya asiri ba, ta ɗago daga kan kular magani ta ce, "A'a yallaɓai, ai ranar da aka yi wa ma'aikata cewa ka yi kana da taro." A gaban kowa ta faɗa, kuma da ƙarfi, don ita a ganinta taimakona take yi.

To ina zan sa kaina? Na tuɓe babbar riga na miƙa wa direba, na naɗe hannun 'yar ciki, na zauna a kan turmin da aka kifa mini. Lasifikar tana hannuna na dama, a kunne, don na ƙudura zan ci gaba da jawabi ana yi mini, jama'a su ga jarumta. Na ce, "Kun gani ko, jama'a, abu ne mai sauƙi, ko cizon sauro ya fi shi..." Sai na ji wani abu mai sanyi ya taɓa mini dantse.

An ce abin da ya fito daga lasifikar nan har masu wanki a tsallaken kogi sun ji shi. "Wayyo Inna!" Daga nan ban sake sanin inda nake ba.

Na farfaɗo a ƙasa, jiƙe sharkaf, an juye mini ruwan randa, wata tsohuwa na tura mini albasa a hanci, wata na yi mini fifita da faifai. Wuri ya kacame. Mata na fizgar 'ya'yansu suna gudu, ana ta ihu, "Allura ta kashe shi! Ta kashe ɗan Kande!" Masu cewa akwai mugun abu suna ta tafa hannu suna "Ba mun faɗa ba?" Masu cewa ruwa ne kuma sun tuba nan take, ina jin wani yana cewa, "Lallai ba ruwa ba ne, ruwa ba ya haka." Garin da ya rabu biyu na haɗe masa kai cikin ƙiftawar ido, abin da duk kwalayena suka kasa.

Sista Asabe ta durƙuso kusa da kunnena, wannan karon dai ta yi raɗa. "Yallaɓai, ban fa yi maka ba. Auduga kawai na goga maka." Na dubi hannunta. Ga sirinji nan cike, ko murfin allurar ba ta cire ba.

Auduga, jama'a. Audugar da ake yin katifa da ita.

Kawu ya sunkuyo, hankalinsa a tashe, ya ce, "Ɗan nan, tsakaninka da Allah, allurar ce?" Wallahi sai da shaiɗan ya raɗa mini in ce zafin rana ne, ko in ce ban karya ba, ko in lumshe ido kawai a ɗauke ni a sa a mota da sauran mutuncina. Ai wanda allurar gwamnati ta kayar abin tausayi ne, har gaisuwa za a riƙa zuwa yi masa. Wanda auduga ta kayar kuwa ba shi da suna a garin masunta. Ina cikin wannan tunani na hango Ladidi jikin danga, goye da ɗa, riƙe da hannun 'yarta, mijinta na jan su za su tafi gida. Ba dariya take ba. Kallona kawai take yi.

Na lalubo lasifikar daga cikin caɓi, ina zaune a ƙasa, na ce, "Jama'a, ku tsaya. Allura ba ta taɓa ni ba, ga ta nan a hannun Sista. Auduga aka goga mini. Ni ne matsoraci, tun ina yaro haka nake."

Kun san abin haushi? Ba su yarda ba! Karon farko da na faɗi gaskiya tsirararta ba kwali ba zane, sai wani ya ce, "Rufa wa gwamnati asiri yake yi, kada a kore shi daga aiki." Sista ta ɗaga sirinji sama, aka ce ai wata ta sauya.

Nan Ladidi ta fizge hannunta ta shigo tsakiyar fili. Ba ta nemi lasifika ba, Allah ya hore mata tata. Ta ce, "Wa zai gaya mini halin bawana? Ba shi ne aka kawo hutu yana yaro, aka yanka masa zakara don karramawa, ya ga jini ya zube a bakin murhu ba? Baba, ranar da ƙugiya ta shige maka yatsa, wa aka yi wa fifita, kai ko shi?" Sai kafaɗun Kawu suka fara rawa, dariya na cin sa. Tsohuwar da ke riƙe da albasa ta leƙa fuskata da kyau ta ce, "Au! Ashe mai suman nan ne! Ai ni na zuba masa ruwa wancan karon ma." Shaidu suka yi ta fitowa, kowa da nasa labarin, har da waɗanda ban yi ba. Dariya ta ɓarke, wani dattijo har da faɗowa daga kan tabarma. Ni dai ina zaune a caɓi, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Da dariya ta lafa, Kawu ya share hawaye ya ce, "To ai har yanzu ba a yi masa ba." Haka aka mayar da ni kan turmi. Majiya ƙarfi biyu suka riƙe ni kamar ragon layya, Kawu ya danna kaina a ƙirjinsa yana cewa, "Rufe ido, ɗan nan, rufe ido." Aka yi, aka gama, ban ma san an yi ba sai da na ji tafi. Suka zuba mini ido suna jira in mutu, ban mutu ba.

Mijin Ladidi ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "In dai wannan raggon ya sha ta ya tashi, ba abin da za ta yi wa jinina." Ya ɗauko 'yarsa da kansa. Yarinyar ta ɗan yamutsa fuska, aka cire allura, ta juyo ta dube ni ta ce, "Ni ban faɗi ba." Shi ke nan fa, abu ya zama gasa. Kowane yaro so yake a yi masa ya zo gabana ya faɗa mini bai faɗi ba, iyaye maza kuma ba wanda zai yarda a ce ya fi ɗan Kande tsoro. Sai da maganin kular nan ya ƙare tas, muka yi alkawarin dawowa.

A rahoton da Alhaji Bappa ya aika sama, an rubuta cewa an samu gagarumar nasara sakamakon amfani da hujjojin kimiyya da zane-zane na zamani. Manya suka ji daɗi, aka ba da umarni a buga ƙarin kwalaye a raba wa kowace ƙaramar hukuma. Shi kuwa Alhaji Bappa da direba ya ba shi ainihin labarin, sai ya kira ni ya rufe ƙofa, ya ce, "Akwai wani gari wajen Dagauda da suka taurare. Za ka iya sake faɗuwa?" Kuma ba wasa yake ba.

Abin da na koya dai, mutane ba ƙin gaskiya suke ba, so suke su fara ganin abin da za ta yi wa wanda ya kawo ta. Ni ta tuɓe mini riga ta zaunar da ni a caɓi, sannan suka yarda da ita.

'Ya'yan Ladidi duk suna nan da ransu, sun girma, kuma babu mai ganin girmana a cikinsu. Malam Auduga suke kirana. Duk wanda ya shigo Azare a cikinsu sai uwarsu ta ba shi ƙunshin busasshen kifi ya kawo mini, kuma ba ta taɓa mantawa ta ɗora ɗan guntun auduga a sama ba. Nakan ce wa matata ta cire audugar, ni kuma in ci kifin.