Ranar Rabon Shaguna

Wani mutum ne ya dawo Funtuwa daga Malesiya bayan shekaru, ba aiki, ba mata, sai baki. Kar ku waiga, ni ne.

Abin da na dawo da shi kaf, wata 'yar kasuwa ce da na haɗa da bulon roba na wasan yara, irin wanda ake maƙala wani kan wani. Kamfanin da ke yin bulon yana ba masoyansa dama su ƙera nasu su ɗora hoto a intanet. Wanda jama'a suka fi zaɓa, a buga shi a kwali da sunansa. Ƙuri'a kawai nake nema.

A teburin mai shayi na gyara zama na ce, "Kasuwa na zana. Turawa na jiran ƙuri'ar jama'a su fara aiki."

Kalmar roba kuwa, na haɗiye ta da shayi.

Kawu Ɗanlami, tsohon ɗan siyasar mazaɓarmu, ya ajiye kofi. "Ƙuri'a? Yaro, ka zo gidanta."

Kafin Juma'a hotona ya cika bango, wai Injiniya Nazifi Mai Kasuwa. Kawu na bi gida-gida yana alkawarin shago ga duk wanda ya zaɓe ni. Na so in yi magana, amma daɗin "ranka ya daɗe" ya riƙe min harshe.

Ran Asabar sai ga ƙofar gidanmu dam da mutane, har da makaɗa.

"Fito musu da kasuwar su gani," in ji Kawu.

"Kawu, ai a waya ake zaɓen."

"Ba a zaɓen abin da ba a gani ba. Fito."

Na fito da ita a kan tiren shayin Inna. Kiɗa ya tsaya cak.

Iya Tabawa mai ƙosai ta matso, ta sunkuya, ta leƙa ƙofar wani shago da ido ɗaya.

"Ɗan nan, wanne ne nawa?"

Na nuna na bakin titi.

Ɓalas! Ta ɓalle shi ta ƙulle a bakin zane. "Jikana ya samu."

Sai kowa ya kawo hannu. Ƙas, ƙas, ƙas. Har famfon tsakiyar kasuwa wani ya sa a aljihu. Aka bar ni riƙe da tire, ba kasuwa, ba ƙuri'a.

Kawu ya dafa kafaɗata. "Injiniya, na sha ganin rabon shaguna a garin nan. Naka ne kaɗai aka gama ba a kira 'yan sanda ba."