Yadda Za Ka Juya Jarin Wan Matarka Ba Tare da Ko Anini Ya Fita Daga Dangi Ba

Duk wanda ya bi matakan nan bi da bi, na yi masa alkawarin da ba ya tashi: jarin da aka damƙa masa zai koma wa mai shi cif, ba ragi. Ni Bawa, mutumin Gwandu, na gwada noman albasa, na gwada fatauci, na gwada kiwon zabi, kowanne ya bar ni da ilimi a madadin riba. Ilimin ne zan ba ka kyauta, tunda shi ya fi yawa a gidana.

Mataki na 1: Nemi jarin da ba naka ba

Kuɗinka na kanka suna hana barci, suna sa tsoro, mai tsoro kuwa ba ya kasuwanci. Nemi na wani. Mafi albarka shi ne na wan matarka, domin kafin ya kai ka gaban alƙali sai ya tuna inda ƙanwarsa ke kwana.

Zamani ma ya taimake ka. Tun da Nasara suka kawo sule, darajar kuɗin wuri ke ta faɗuwa, mutane kuma ba su gama yarda da sulen ba. Nawa wan matar, Basharu na Kalgo, masunci ne kuma manomin shinkafa. Ya sayar da busasshen kifi aka biya shi da sulalla, ya rasa inda zai sa su. Ya ce da ni, “Bawa, wagga azurfa ban yarda da ita ba. Jiya wuri ne kuɗi, yau an ce ba shi ba. Kai da ka san kasuwa, juya mani su. In an ci riba mu raba.”

Karɓa da hannu biyu, ka murtuke fuska kamar an ɗora maka gawa. Ka ce, “Yaya, nauyi ne, amma saboda zumunci zan ɗauka.” Kada ka yi murmushi sai ka fita garin.

Mataki na 2: Rarraba

Jahili ne ke zuba jari a abu guda. Kai raba shi huɗu. Sayi dammunan gero da kaka, domin da damina zai yi tsada. Sayi gishirin Foga, shi ba ya ruɓewa. Sayi huhun goro a hannun fataken Gwanja, a naɗe cikin ganyensa mai danshi. Da abin da ya rage ka sayi jan taure, ka yi kiwonsa zuwa Sallah.

Hikimar ita ce: in ɗaya ya faɗi, sauran su tallafe shi. Riƙe wannan magana, nan gaba za ka ga tallafin da idonka.

Mataki na 3: Ɓoye su waje ɗaya, kuma kada matarka ta sani

Kada ka sa geron a rumbu. Rumbu a tsakar gida yake, duk maƙwabcin da ya hango shi cike sai ya tuna yana da ’ya’ya. Shigar da komai turakarka, ka kafa turke a lungu ka ɗaure tauren, ka ja ƙyaure. Kai ka koma kwana a zaure. Mai dukiya ba ya ƙorafin sauro.

Gero da gishiri da goro suna da amana, ba sa magana. Taure ne matsalar. Da ya yi kuka matarka za ta tambaya. Tawa, Mairama, ta ce, “Malam, mi nake ji a ɗakinka?”

Kada ka ce na wanta ne, in ka faɗa kafin Juma’a an ji a Kalgo yadda kake kashe kuɗin. Faɗi abin da zai ɗaga darajarka. Ni cewa na yi, “Namu ne. Na saya na ajiye, don ran da babban baƙo ya sauka kada mu ji kunya.”

Ta dube ni da wani irin kallon girmamawa da ban taɓa samu ba tun ranar aurenmu. Wannan ma riba ce, rubuta ta.

Mataki na 4: Kada ka riƙa leƙawa

Yawan duba jari ɗabi’ar ƙananan ’yan kasuwa ce. Da safe buɗe ƙyaure ɗan kaɗan, tura ƙwaryar ruwa da ’yar harawa, ka rufe. In ka lura harawar jiya tana nan ba a taɓa ba, kada ka damu, wasu dabbobin akwai ƙana’a. In ka ji ƙarar tauna daga ciki, ka gode wa Allah, jari ne ke motsi.

Mataki na 5: In ka duba, duba da idon masani

Bayan ’yan makonni ka shiga. Ga abin da za ka tarar, domin ni shi na tarar. Igiyar da aka ɗaure tauren da ita ce ta fara tafiya cikinsa. Daga nan ganyen huhun, sai goron ya zauna tsirara ya bushe kamar tsakuwar gulbi. Dammunan gero sun koma kara. Gishirin an lashe shi ya yi sumul, ya dawo girman tafin hannu. Tauren kuma yana kwance a kan gadonka, wuyansa ya yi kauri, yana kallonka kamar kai ne baƙon.

Mai raunin zuciya zai kira wannan asara. Ba asara ba ce. Da kana da abin damuwa huɗu, yanzu ɗaya ne. Ba abin da ya fita daga ɗakin, komai ya taru a cikin fata guda.

Kira mahauci ya leƙa. Lawali, mahaucin unguwarmu, ya latsa cinyar, ya yi salati, ya ce in aka kai Sallah zai yi kuɗin da ba a taɓa ji ba a taure. Na ƙiyasta a raina, na ga zai iya mayar wa Basharu da uwar kuɗinsa. To ka gane: tsakaninka da abin kunya a gaban surukai babu komai sai wannan dabba. Ka lallaɓa ta. In tana son gadon, bar mata.

Mataki na 6: In mai jari ya zo, ba ka gida

Wata safiya za ka hango wan matarka a kan jaki yana shigowa gari, ba aike, ba sallama. Kada ka tsaya. Bayani irin naka yana buƙatar shiri. Bi ta bayan gida ka nufi kasuwar Kambaza, duk wanda ya tambaya ka ce za ka jiyo farashi. Yi tafiyarka a hankali, ka tsara maganar Sallah da cinikin da ke tafe, ka dawo da la’asar.

Ni da na dawo, tun daga bakin layi ƙamshi ya tarye ni. Na ce a raina, wani gida ya yi sa’a yau. Ina matsowa ƙamshin na ƙaruwa.

Mairama ta tare ni a ƙofa, fuska duk fara’a. “Malam, ina ka shiga? Yaya ya sauka tun hantsi. Da na ga ba ka nan sai na aika aka kira Lawali.”

“Lawali ya yi mi?”

“Abin da ka saye shi dominsa mana. Ko akwai baƙon da ya fi Yaya girma?”

Babu. Kada ka yi gardama, babu.

Mataki na 7: Ci, sannan ka ba da rahoto

Zauna ka sa hannu. An yi yarjejeniya a raba riba, wannan akushin shi ne rabon, kuma ba za a sake wani ba. Ka fi ba hanta muhimmanci.

Basharu ya ci har ya sassauta zariyar wando. Ya ce, “Bawa, ashe na daɗe ina zaluntarka a zuciya. Wanga nama, daɗin gishirinsa har cikin ƙashi.” Ya wanke hannu, ya yi gyatsa, ya ce, “To, tashi mu tahi in ga dukiyata.”

Na ce, “Yaya, ba sai ka tashi ba.”

Yi bayaninka a natse, daga sule zuwa turke, daga turke zuwa tukunya. Kada muryarka ta yi rawa. Basharu kuwa ya ɗora hannu a kan tumbinsa.

“Har geron?”

“Shi ne kitsen nan da ka ce a ƙaro.”

“Gishirin?”

“Da bakinka ka yaba shi, Yaya.”

“Goron fa?”

Shi yana nan. Na ɗauko ɗaya na miƙa masa da ladabi. Ya gartsa, ya dafe muƙamuƙi. Daga bayan zana na ji ludayi ya faɗi, Mairama na cewa, “Na shiga uku, ashe dukiyar Yaya na dafa wa Yaya!”

Sai kafaɗun Basharu suka fara rawa. Ya yi dariya har hawaye, har rawaninsa ya kwance. Da ya samu numfashi ya ce a naɗe masa cinyar da ta rage, da fatar, da ragowar gishirin. Sannan ya juyo.

“Bawa, kana da lauje?”

“Akwai wani tsoho.”

“Wasa shi. Shinkafa ta nuna a fadama, kuma gonar da faɗi. Na ga yadda kake juya dukiya, yanzu ina so in ga yadda kake sunkuyo.”

Ka lura: jarin ya koma wa mai shi ba ragi, kamar yadda aka yi alkawari, kuma ka samu aikin yi har ƙarshen kaka, da abinci.

Gargaɗi

Daga fadamar Kalgo nake rubuta wannan, lokacin hutun azahar, a kishingiɗe, domin bayana ya daina miƙewa. Wanda ya bi matakan nan ya tarar nasa wan matar ba ya dariya, ko ya tsinci kansa gurfane gaban alƙali, ko matarsa ta koma kiransa da sunan dabbar, kada ya ambace ni. Ban san shi ba, ban gan shi ba, ban aike shi ba. Mai son ƙarin bayani ya same ni a gonar Basharu, ya taho da nasa laujen.