Tarbar Baƙon Tsuntsaye a Kwarin Ɗinya

Ni dai ban taɓa zama a aji ba, kuma ban ga abin da hakan ya rage ni da shi ba. Sunana Marka. A Kwarin Ɗinya aka yanke mini cibiya, kuma yau shekara hamsin da ɗoriya ina yin daddawa. Duk tukunyar miyar da ta yi ƙamshi a garin nan, a bincika, hannuna na ciki. Daddawa kuwa ba daga sama take faɗowa ba. Kalwa ake dafawa, kalwa a cikin ɗorawa take, ɗorawar garinmu kuma kaf ɗinta tana cikin kurmin da ke bakin tafki.

A wannan kurmin tsuntsaye suke. Balbela, zalɓe, ɗinya, kirinjijiya, wani lokaci har gauraka. In bazara ta yi nisa shamuwa ta iso, to manomi ya fara wasa fartanya. Tun ina amarya nake shiga cikinsu da ƙugiyata. Ba su taɓa tashi don ni ba, ni ma ban taɓa tashi don su ba. Kowa da abin da ya kawo shi.

Gaskiya ɗaya ce, akwai lokacin da kurmin ya so ya mutu. Masu gawayi sun sa masa gatari, masu danƙo sun sa wa tsuntsayen ido. Ana nan sai Hashimu ɗan Laraba ya gama aikinsa na hedimasta ya dawo gida, da tumbi a gaba, da madubin hangen nesa rataye a wuya kamar laya. Ya tara matasa da wasu dattawan da suka gaji da zaman dandali, suka kafa ƙungiyar sa-kai ta tsaron kurmi. Ba albashi, sai ladar Allah. Suka kori masu gawayi, suka dasa itatuwa, suna ɗebo ruwa a jarka suna ba su. Ni da kaina na dama musu kunu ranar dashe. Ba na hana yabo inda ya dace.

Amma ɗan Adam, ka ba shi gadin ƙofa, gobe sai ya ce gidan nasa ne.

Bana ɗorawa ta yi 'ya'ya kamar ba ta san akwai baɗi ba. Ran nan da hantsi na saɓa ƙugiya, na ɗora kwando, na nufi kurmi. Ina isa na tarar an kafa wani ƙaton allo a bakin hanya, Hashimu na tsaye a gindinsa kamar shi ya haife shi.

"Iya Marka, ina zuwa haka?"

"Da ƙugiya a kafaɗa da kwando a ka? Makka za ni."

Ya yi ɗan tari. "Iya, ba ki ga allo ba ne?"

"Na gan shi. Katako ne mai kyau. An yi asarar ƙyaure."

"Doka ce a jiki. Daga yau ba mai shiga kurmi sai ɗan ƙungiya. Yanzu lokacin sheƙa ne. Motsin mutane yana damun tsuntsaye."

"Su tsuntsayen ne suka kawo maka ƙarata?"

"Bincike ne ya nuna, Iya. A littafi yake."

"Littafin ya faɗa maka cewa ranar da aka haife ka, daddawata aka sa wa uwarka a kunun... a miyar jego? Hashimu, kana tsumma na san ka. Ɗorawar nan ta nuna. In ruwan farko ya taɓa ta a bishiya, ta tashi aiki. Shekara guda ke nan ba kalwa. Me kake so in sa a miya?"

"Ai akwai dunƙulen kanti, Iya. Duniya ta ci gaba."

Na dube shi daga hula har takalmi. Dunƙulen kanti! A tukunyata! Da na buɗe baki a lokacin, da sai an kira mai unguwa. Na juya da kwandona wayam.

Kwana tara ina duban gabas. Kullum hadari sai ya ɗan leƙo ya koma. Na aika wa Hashimu surukinsa, ya ce doka ba ta san suruki ba. Na aika masa liman, ya karanta wa liman allo.

Ana cikin haka sai labari ya cika gari: wani babban masanin tsuntsaye, Dakta Nafi'u, zai zo daga jami'a ya ga kurminmu da idonsa. In ya yaba, za a sa sunan Kwarin Ɗinya a cikin wuraren da ake zuwa kallo. Hashimu ya daina barci. Ya ce ba za a kunyata gari a gaban baƙo ba.

To, ku kun san yadda muke tarbar babban mutum. Aka fara da shara. 'Yan ƙungiya suka share kurmin nan tas, suka tattara duk ƙiraren da shamuwa ke ɗiba tana gina sheƙa, suka cinna musu wuta, wai ƙazanta ne. Suka sare ciyawar bakin tafki inda ɗinya ke ɓuya, don baƙo ya ga ruwa sosai. Sannan suka kwaɓa farar ƙasa, suka shafe gindin kowace bishiya fari fat, har da ɗorawata, kamar masu shirin fareti. Aka kafa rumfa a tsakiyar kurmi, aka jera kujerun roba, aka ɗauko janareta da lasifika.

Na tsaya daga bakin allo, tunda nan ne iyakata, na ƙwala masa kira.

"Hashimu! Baƙon nan wa ya zo gani, kai ko tsuntsaye?"

"Iya, wannan harkar tsari ce. Ba za ki gane ba."

"Haka ne. Allah ya ba da sa'a. A dai riƙa tunawa, garin gyaran gira ake rasa ido."

Ranar Asabar da safe motar baƙo ta iso. Ni ina zaune a ƙofar gidana, can ƙarshen gari, ina gyaran wake, amma babu abin da ya wuce ni, don lasifikar har kunnen kurma tana kaiwa. An ce mutumin wani siriri ne, da 'yar hular kaki, da takalmin roba, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai gaisuwar mutuwa. Ya sauko yana taka ƙasa a hankali, ya ɗora yatsa a baki yana roƙon a yi shiru.

Jama'a suka ɗauka kunya ce irin ta manya. Masu kalangu suka goce. Maroƙi ya ƙwace lasifika: "Ga Dakta uban tsuntsaye! Ga mai sanin kukan kurciya!" Mata suka rangaɗa guɗa. Sai kuma babban abin da Hashimu ya ɓoye don ya burge baƙo: maharban garin nan su goma sha biyu, kowa da bindigarsa ta gargajiya, an ɗura mata albarushi har wuya. Hashimu ya ɗaga hula, suka saki gaba ɗaya.

Har wakena sai da ya yi tsalle a faifai.

Na ɗaga kai na ga sama ta yi duhu. Na ce shi ke nan, hadarin da nake tsoro ya iso. Ashe tsuntsaye ne. Duk wani mai fiffike a kurmin nan ya tashi, har da jemagun da ba a gayyata ba. Suka yi ta kewaya gari suna neman inda masu hankali suke.

Bayan gidana akwai tsohuwar tsamiya da ɗan kududdufi. Ba a taɓa share wurin ba, ba a taɓa shafa masa farar ƙasa ba, tarin ƙirarena ma a nan yake. Kafin in tattara wake, tsamiyar nan ta yi fari da balbela, shamuwa sun jeru a kan katanga, ɗinya sun cika kududdufi suna haki.

An ce can kurmi kuwa Hashimu ya yi jawabin minti arba'in a kan muhimmancin natsuwa ga tsuntsu. Da ya gama ya miƙa wa baƙo madubinsa na hangen nesa, ya ce bismilla. Dakta ya duba gabas, ya duba yamma. Abin da ya samu mai fiffike guda ɗaya ne, shi ma a soye yake a cikin faranti, an ajiye masa don kalaci.

Can wajen azahar sai ga su a ƙofar gidana. Dakta a gaba, shi kaɗai yana bin sama da ido, Hashimu a baya yana share gumi da hula, 'yan ƙungiya sun biyo sahu kamar masu rakiyar gawa. Dakta ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Nan na san ɗan mutunci ne.

"Iya, in kin yarda, ina so in zauna a bayan gidanki in ɗan duba su."

"Kai kaɗai. Sauran su tsaya nan. Lokacin sheƙa ne, motsin mutane yana damun tsuntsaye. A littafi yake."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, Hashimu ya harare shi.

Na shimfiɗa wa Dakta tabarma a gindin katanga. Ya zauna shiru kusan awa biyu, yana kallo yana rubutu, ko tari bai yi ba. Da ya fito fuskarsa ta saki. Ya tambaye ni ko na san tsuntsayen nan. Na ce masa waccan shamuwar mai ɗingishi shekararta huɗu tana zuwa, kuma a ɗorawa ta uku daga bakin ruwa take sheƙa. Ya tambaye ni yaushe rabona da kurmi. Na ce ya tambayi mai allo.

Da ya ji labarin duka, sai ya juya.

"Malam Hashimu, aikinku na dashe da korar masu gawayi ya yi kyau, ban raina ba. Amma matar da ta yi shekara hamsin tana shiga tsuntsaye ba su tashi ba, ita kuka hana?"

"Dakta, ai doka ce..."

"A gyara dokar. Ta shiga ta ɗebi ɗorawarta, tun yau. Ku kuma ku kwashe rumfar nan, ku bar ƙirare inda suka faɗi, ku bar ciyawa ta tsiro. In kun yi sa'a za su koma."

Ban jira ya rufe baki ba na shiga ɗaki na ɗauko ƙugiya da kwando, don gabas ta fara haɗe rai da gaske. Ina fitowa Hashimu ya sha gabana. Jama'arsa na kallo, dole ya nemi abin da zai rufe fuska da shi. Ya gyara madubinsa a wuya, ya kumbura murya irin ta hedimasta.

"To Iya, ƙungiya ta amince ki shiga. Amma da sharaɗi. A yi komai a hankali. Ban da hayaniya, kada ki firgita mana tsuntsaye."

Na gyara kwando a ka.

"Kwantar da hankalinka, ɗan Laraba. Ƙugiyata ba a ɗura mata albarushi."