Auren Ƙoƙi-ƙoƙi a Trikania

Na kamo ƙoƙi-ƙoƙi biyu a gonar surukina a Kakau, babbar koriya, ƙaramin ruwan ƙasa. Da yake na taɓa koyar da kimiyya a firamare, nan take na yanke hukunci cewa irinsu daban ne, amma dangi ne na kusa. In na haɗa su sabon iri zai fito, kuma sunana za a sa masa.

Ranar Lahadi bayan coci na tara maƙwabta a tsakar gidanmu a Trikania. Na gyara murya na ce, "Yau za ku shaida tarihi." Na zura ƙaramin, wato ango, cikin kwalbar da na ajiye babbar, wato amarya.

Ko gaisawa ba su yi ba, ta cafke shi ta hau cin kansa.

Matata ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Yesu! Baban Rahila, me ka haɗa haka?" Baba Yohanna, dattijon cocinmu, ya leƙa kwalbar ya ce, "Malam, sai dai haƙuri, ango ya rasu."

Har yau duk bikin da na shiga, sai wani ya ɗaga murya: "A ɓoye ango, ga Malam nan!"