Gudun da Ya Tashi Kasuwa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na shiga gudun fanfalaki ba. Ko ni na so in manta, mutanen wani ƙauye da ke gaba da Maikunkele ba za su yarda ba. Har yau idan aiki ya bi da ni ta wannan hanyar, zamewa nake yi a kujerar mota in ja hula ta rufe min fuska.

Likita ne ya jawo min. Na je asibiti da ɗan ciwon kai, ya auna jinina, ya dubi tumbina, ya sake duban abin awon, sannan ya ce, "Malam, ko dai ka fara motsa jiki, ko iyalinka su fara haƙuri." A lokacin ina aiki a sakatariya, irin aikin da babban motsinsa shi ne miƙa hannu a ɗauko fayil. Na dawo gidana da ke unguwar Tunga a Minna na faɗa wa matata Hajara, ina jiran a tausaya min. Washegari ta rage min tuwo, ta kuma kai ƙarata wurin maƙwabcinmu Sajan Danladi.

Sajan tsohon soja ne, mutumin Kuta, siriri kamar tsinken tsire, kullum da usur a wuya. Yana da ƙungiyar masu gudun safe: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan kasuwa, da irina waɗanda likita ya tsorata. Ranar da na fara, ya zagaye ni yana kallo kamar mai shirin sayen sa, ya ce, "Oga, wannan kaya za mu sauke shi." Kafin mako ya zagayo 'yan ƙungiya sun sa min suna Tirela, wai ina da wuyar tashi, ga ƙara a hawan tudu.

Amma fa na dage. Bayan 'yan watanni na kai matsayin da zan zagaye unguwa ban zauna a bakin kwalbati ba. To nan ne girman kai ya shige ni. Da Sajan ya sanar cewa ƙungiyoyin gudu na gari sun shirya gudun fanfalaki, daga cikin Minna a bi ta Bosso har Maikunkele, a karya kwana a biyo wata hanya a dawo, ni ne na fara ɗaga hannu. Sajan ya ja ni gefe ya ce, "Oga, akwai na rabi, akwai ma na tafiya da ƙafa." Na ce masa ni ba na yin abu rabi-rabi. (Wannan gaskiya ne, amma a kan abinci.)

Na shelanta a ofis. Na sayi farar riga, farin gajeren wando, farin kambas. Hajara kuwa ta haɗa min goruna biyu na roba, ɗaya ruwa, ɗaya zoɓo mai citta da kanumfari, ta daskarar da su, ta naɗe kowacce da baƙar leda don kada sanyin ya gudu. Na ɗaura su a ƙugu, ɗaya dama ɗaya hagu. Tabarauna na bar shi a gida don kada ya faɗi, alhali ba tare da shi ba ko lambar motar da ke gabana ba na karantawa.

Da aka busa usur na fita da ƙarfi na shiga cikin samari, har ina ɗaga wa masu shayi hannu. Kafin mu fita daga Bosso man ya ƙare. Samari suka wuce. Malaman makaranta suka wuce. Wata ma'aikaciyar jinya da ta haifi 'ya'ya biyar ta wuce ni tana amsa waya. Kowa ya zo gifta ni sai ya ce, "Tirela, a daure!" Daga baya masu cewa a daure ma suka ƙare, ya rage daga ni sai rana sai motocin itace.

A Maikunkele an ajiye wani mutum da jar tuta a daidai kwanar da za a karya. Daga baya na ji cewa ya jira har ya gaji, ya tabbata babu sauran mai rai a baya, ya naɗe tutarsa ya tafi cin abinci. Ni kuwa da na iso ban ga kowa ba, sai na yi amfani da basirata. Na hango wata hanyar burji da ledojin ruwa zube a gefenta, na ce lallai nan 'yan gudu suka bi suna sha suna yarwa. Na bi ta ina yaba wa kaina.

Rana ta take. Kaina kamar an ɗora tukunya. Sai na tuna yadda nake ganin manyan 'yan gudu a talabijin suna kwara ruwa a ka. Na zaro gora, na rufe ido, na juye ta kaf a tsakar kaina. Kai, sanyin nan har cikin ƙashi! Na ji idona yana yaji, na ce gumi ne. Na ji wuyana yana danƙo, na ce shi ma gumi ne. Na ci gaba da jan ƙafa ido rabi a rufe, har hanyar ta kai ni tsakiyar wata kasuwar ƙauye, ranar kuma kasuwar ke ci. Doya tsibi-tsibi, tumatir, kaji, awaki a ɗaure, jama'a maƙil.

Wani mai sayar da rake ne ya fara ganina. Ya saki wuƙarsa ya ce, "Subhanallahi! Malam, su wane ne?"

Abin da na so in ce shi ne: 'yan'uwana masu gudu suna da yawa, ta nan muka taho, ko kun ga wucewarsu? Amma numfashin da ya rage min bai kai kuɗin wannan jimla ba. Na nuna bayana da hannu, na ce, "Suna da yawa... ta nan..."

Wata mata ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, "Suna zuwa!"

Jama'a, ban taɓa ganin kasuwa ta tashi a lokaci ɗaya irin haka ba. Tire ya yi sama, tumatir ya yi ƙasa. Mai ƙosai ta bar mai a wuta. Masu awaki suka saki igiya. Wani ya hau babur ya manta bai tayar ba, yana ta tura shi da ƙafafu. Ni kuma da na ji ana suna zuwa, suna zuwa, sai na fara waige-waige. Na ce ko 'yan fashi ne, ko wani mahaukacin sa ya tsinke. Ƙafafun nan da suka mutu tun Bosso suka farfaɗo. Na zuba a guje tare da jama'a, gudun da Sajan ya yi wata da watanni yana roƙona in yi ban yi ba.

Muna cikin gudu na tambayi wani da ke gefena, "Me ya faru ne?"

Bai waiwayo ba ya ce, "Wani mutum suka sara a ka! Jini ko'ina!"

Na ce, "Innalillahi! Allah sarki, bawan Allah!" Sai ya juyo ya dube ni, ya ƙwalla ƙara, ya ƙara wuta. Ganin ya ƙara wuta ni ma na ƙara. (Har addu'a na yi wa mutumin da aka sara, Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa iyalinsa su gan shi.) Duk da wannan ƙoƙari nawa, wata tsohuwa ɗauke da ƙwaryar doya a kafaɗa ta zo ta wuce ni, ko doya ɗaya ba ta faɗi ba.

Gidan dagaci kowa ya nufa. Ina isa bakin zaure ƙafafuna suka ce iyakarsu ke nan, na zube. Sai ji na yi an ɗauke ni caɗak, mutum kusan shida suna nishi, an shimfiɗe ni a tabarma. Wannan na yi min fifita, wancan na cewa a ba shi iska. A raina na ce, kai, mutanen ƙauyen nan akwai karamci, ga tashin hankali amma ba su manta da baƙo ba. A waje ina jin 'yan banga suna kiran juna, an fito da adduna da bindigogin toka an tafi tare hanya.

Aka kira mai kemis na ƙauyen. Ya durƙusa yana laluba kaina, yana cewa, "Malam, daure. Ta ina suka sare ka?"

Sai a lokacin na sunkuya na dubi jikina. Farar rigar nan ta zama ja jawur tun daga wuya har wando. Kada ku zaci nan take na gane. A'a. Cewa na yi ashe ni ne aka sara ban sani ba! Na fara kalmar shahada. Na kama hannun mai kemis na ce a gaya wa Hajara a Tunga na yafe mata rage min tuwo da ta yi.

Mai kemis ya duba gaba, ya duba ƙeya, ya duba bayan kunne. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ga rauni ba. Kuma jinin nan ƙudaje sun fi son sa fiye da kima."

Tsohuwar nan mai doya ta matso. Ta sauke ƙwaryarta, ta dangwali wuyana da yatsa, ta sinsina, ta kai baki. Ta lashi leɓe, sannan ta ce da irin Hausarta ta 'yan koyo, "Wannan jini yana da citta. Matarka ya iya zoɓo."

Mai fifita ya daina fifita. Na lallaɓa hannu na taɓa ƙuguna, na ji gorar ruwa tana nan a cike, da sauran sanyinta.

Dagaci dattijo ne mai sanyin murya. Ya gyara zama ya ce, "Malam, wa ya biyo ka?"

Na ce, "Babu kowa, ranka ya daɗe."

"To me ka yi wa mutane kake gudu?"

"Ban yi komai ba."

"Daga ina ka taso?"

"Daga Minna."

"Da ƙafa? Babu mota ne a Minna yau?"

Na ce a hankali, "Motsa jiki ne, ranka ya daɗe."

Ya juya ya tambayi na kusa da shi ko ya ji daidai. Kafin a ba shi amsa sai hayaniya ta taso daga waje. 'Yan banga suka shigo suna murna, "Mun kama ɗaya! Shi ne shugabansu, har da usur!" Suka turo Sajan Danladi gaba, da gajeren wandonsa, an ɗaure masa hannu da igiyar akuya. Ashe da ya ga kowa ya dawo ban da ni, ya hau acaɓa ya biyo sawuna, yana tsayawa yana tambaya ko an ga wani mai ƙiba da fararen kaya. Su kuwa da suka ji haka ba su nemi wata shaida ba.

Sajan ya dube ni kwance a tabarma kamar ragon da aka fara yankawa aka fasa. Ya dubi dagaci. Ya sake dubana. Mutumin da ya yi aikin soja shekara da shekaru ba a taɓa kama shi ba, yau an ɗaure shi saboda ni. Abin da ya ce kawai shi ne, "Oga, na ce maka akwai na rabi."

Dariyar da ta fashe a zauren nan har yau ina jin ta a kunnena. Mai rake har da faɗuwa. Amma ba kowa ya yi dariya ba, don mai ƙosai manta ya ƙone, masu awaki kuma dabbobinsu sun bazu cikin gonakin mutane. Dagaci ya sa aka kwance Sajan, ya ba shi haƙuri, sannan ya juyo kaina ya ce, "Tunda kai gudu kake so ko babu dalili, to ga dalili ya samu. Awakin kasuwa suna cikin dawa. A taimaka."

Haka na wuni ina bin awaki a kunyoyin doya, jikina na danƙo, ƙudan zuma na rakiya, mata suna nuna min da baki, "Ga can ɗaya, mai zoɓo!" Sajan, Allah Ya saka masa, ya taya ni, shi ya kama yawancinsu ma. Ni guda ɗaya na kama, ita ma don ta tsaya lasar rigata ne.

Da la'asar aka ɗora ni a bayan motar doya zuwa Minna. 'Yan ƙungiya sun riga sun ji labari, na tarar da su a ƙofar gidana suna jira, suka tafa min fiye da yadda aka tafa wa wanda ya zo na ɗaya. Ranar Litinin kuwa a ofis ko gaisuwa ba a bari na gama ba.

Ban daina gudun safe ba, jinina ma ya sauka, sai dai yanzu iyakata zagayen unguwa. Abin da na koya kuwa ba daga likita ba ne, ba daga Sajan ba: duk ranar da ka ga jama'a sun watse da gudu, kafin ka ɗaga ƙafa ka bi su, ɗan tsaya ka dubi jikinka tukuna. Mai yiwuwa kai ake gudu.